Madog da Salansar Mamaci

Ni na yi wa Madog wankan farko, saboda haka kada wani ya zo yana gaya mini wai ban fahimce shi ba. Ranar da aka haife shi a gidan Bayan Dutse ruwa ya shanye gada, ungozoma ta maƙale a ƙetare, ni da uwarsa muka yi abinmu. Ya faɗo bai yi kuka ba. Ido ɗaya ya buɗe yana bin ɗakin da kallo, kamar baƙon da ke duba abin da zai shiga aljihu. Na ce wa uwar, "Wannan kam ki riƙa ɓoye cokulanki." Har aka kai shi coci aka sa masa suna ba ta ƙara yi mini magana ba.

Kada a je a ce na ce ɓarawo ne. Ban taɓa ganin Madog ya ɗauki abin da ba a miƙa masa ba. Abin da na ce shi ne, ya san yadda ake yi a miƙa masa.

Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya kwance rediyon ubansa, ya kwance agogon coci, ya kwance keken ɗinkin uwarsa, kuma abin haushi duk ya mayar da su suna aiki fiye da da. Da ya girma sai ya zama shi ne bakaniken kwarinmu ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Tarakta, injin aske tumaki, famfon ruwa, babur mai ƙafa huɗu, duk wurinsa ake kaiwa. Ba ya tsawwala kuɗin aiki, wannan a ba shi gaskiyarsa. Amma yana da ƙa'ida ɗaya: duk abin da ya cire daga jikin inji nasa ne, ko da noti ne mai tsatsa. Rumfarsa cike take da hanjin injinan mutane, an rataye su a ƙusa kamar a mahauta. Bai yi aure ba. Wace mace ce za ta zauna da mutumin da ke wanke kafireto a tukunyar miya?

Abin da ya karya shi shekarar annobar dabbobi ce, da aka zo cikin fararen kaya aka harbe tumakin gonaki aka ƙone. Mu ta wannan gefen Allah ya tsare mu. A Bayan Dutse ko ɗan rago ɗaya ba a bari ba. An biya diyya, amma tunkiyar dutse ba a kasuwa ake samunta ba. Dutsen nan na kowa ne, babu shinge a kansa, kuma abin da ke hana garken wani shiga na wani shi ne kowace tunkiya ta san iyakarta. Uwarta ce ta nuna mata, ita ma tata uwar ta nuna mata, tun kafin a haifi kakannin masu su. Madog ya sayo tumaki masu kyau ya kai sama, suka watse kamar kaji sun ga shaho. Maƙwabta suka gaji da dawo masa da su daga garuruwan da ko sunansu bai sani ba. Ƙarshe ya sauko da su ya kulle a filayen ƙasa cikin waya. Gefensa na dutse ya koma ƙaya da dogon haki. Ranar da ake taruwa a koro tumaki daga sama, maza su hau da karnukansu, shi kuma a ba shi riƙon ƙofa. Ya riƙe ƙofar nan shekara da shekaru yana murmushi. Ni murmushin ne ban taɓa yarda da shi ba.

Ƙanena Emlyn shi ke da garken da ya fi kowane daɗewa a dutsen. Yana da babur mai ƙafa huɗu, ja, iri ɗaya da na Madog da na rabin kwarin, domin dillali ɗaya ne ya yi musu daɗin baki duka. Amma na Emlyn murya gare shi ta daban. Salansarsa ta taɓa hujewa, ya liƙe ta da guntun garwar madara, sai take wani far-far-far kamar ana kakkaɓe bargo. Ga kuma wutar injin tana ɗan ɗaukewa. Duk ya canza giya sai babur ya yi tari, ya yi shiru kamar ya mutu, sannan ya farfaɗo ya ci gaba. Gidana a bakin ƙofar dutse yake, kusan kowane babur ta gabana yake bi. Ina wanke-wanke nake sanin wane ne ya wuce, da ko ya karya kumallo ko kuwa faɗa ya yi da matarsa.

Tumakin Emlyn sun fi ni sanin wannan murya. Da sanyi, in ciyawa ta mutu, sai ya ɗora harawa da buhun abinci ya hau. Ba ya yi musu fito, ba ya kira. Karensa ma ya tsufa ya kurumce, a baya yake zama yana hamma. Tarin nan kawai za su ji, su ɓullo a guje daga kowane kwazazzabo. In babur ɗin wani ne ko kai ba sa ɗagawa, in ya matso su ba shi baya.

Da kaka Emlyn ya kwanta asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba. 'Yarsa tilo, Eleri, da ke aiki a kantin magani a birni, ta zo jana'iza da jaka ɗaya. A wurin makoki ta miƙe ta ce ba za ta sayar da garken ubanta ba, ita za ta riƙe. Mata suka ce Allah ya taimaka. Maza suka sunkuya suna kallon cikin kofunansu. Mutum ɗaya ne ya ɗaga murya ya ce, "Za ki iya, 'yata. Jinin Emlyn ce ke." Madog ne. Nan na ajiye nawa kofin na fara kallonsa da kyau.

Matsalar ita ce babur ɗin ya tsufa tare da mai shi. Akwai wani hawa a bayan gidana, in an ɗora masa kaya sai ya kai tsakiya ya tsaya yana haki. Emlyn ya san yadda yake lallaɓa shi, Eleri ba ta sani ba. Wata safiya ya mutu mata a hawan, ya fara silalowa baya da ita da harawar, da ƙyar ta kama birki. Ta shigo kicin ɗina. Ban gama zuba mata shayi ba sai ga Madog a ƙofa, hula a hannu. Daga Bayan Dutse zuwa gidana zagaye ne mai nisa, amma ga shi nan, sai ka ce a bayan ƙyaurena yake kwana.

"Goggo Nesta, ina kwana? Ƙamshin burodinki ne ya jawo ni."

"Burodin jiya ne, hancinka ya makara. Cire takalman nan, nan ba rumfarka ba ce."

Ya zauna ya ci burodin da man shanu kamar aiko shi aka yi, sannan ya juya wurin Eleri.

"Na hango ki daga hanya, 'yata. Babur ɗin nan zai kashe ki. Kuma ba tsufa ke damunsa ba, shaƙewa ce. Hancinsa a toshe, bayansa a toshe, wutarsa rabi. Ko ke aka toshe wa hanci aka ce ki hau dutse da buhu, ya za ki yi?"

"To me za a yi masa, Kawu?"

"Kaɗan ne. In sa masa matatar iska mai faɗi, ya shaƙa ya ƙoshi. In cire ruɓaɓɓiyar salansar nan in sa masa sabuwa mai buɗaɗɗen baki. In canza fulogi da kwayil, wuta ta riƙa kamawa a kan lokaci, tarin nan ya ƙare. Wallahi sai kin riƙe shi da hannu biyu."

"Nawa zai ci?"

"Haba, 'yata! Ni da ubanki? Kayan ma suna nan a ajiye, don nawa na saya ban sa ba. Ko sisi kar ki kawo."

Na ce, "Madog, tun da nake ban taɓa ganin ka ba kare ƙashi ba sai ka fara tsotse shi. Yau kuma sababbin kaya kyauta?"

"Goggo, ke kam ko mala'ika ne ya kawo miki saƙo sai kin duba aljihunsa."

"In da fuskarka ya zo, har safarsa zan duba."

Eleri ta fashe da dariya, ta farko tun da aka rufe ubanta, kuma dariyar nan ce ta gama magana. Ta miƙa masa makulli. Da ya fita na ce mata akwai ƙugiya a cikin wannan kyauta.

Ta ce, "Goggo, me zai samu? Tsohuwar salansa mai facin garwa?"

Na san akwai ƙugiya, ban dai ga inda take ba tukuna.

Aiki kam ya yi aiki. Da ya dawo da babur ɗin kofunana suka yi ta rawa a kan kanta. Ruri yake kamar jirgin sama zai tashi. Eleri ta ɗora kaya fiye da yadda ubanta ya taɓa ɗorawa, ta haye hawan nan kamar a fili, ko giya ba ta nema ba. Ina tsaye a taga na ga tumakin a can bisa sun ɗaga kai gaba ɗaya. Suka tsaya kamar an dasa su. Sannan suka juya suka tsallake tudu suka ɓace.

Ta sauke harawa ta jira. Ta kashe inji ta yi kira har muryarta ta dushe. Wa ya san muryarta? Washegari haka, wanshekare haka. Da abin ya ishe ta ta tafi wurin Madog, ta dawo ta gaya mini yadda suka yi. Wai ya ce ta yi haƙuri, za su saba, yunwa za ta koya musu. Ta ce to ya mayar mata da tsofaffin kayan. Wai sai ya dafe kai.

"Ash, 'yata, da jiya kika zo! Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun wuce, na zuba musu."

Na ce, "Shi? Mutumin da har gobe ƙafar keken ɗinkin uwarsa na rataye a rumfa?"

"Goggo, kin cika zargi."

"Na cika shekaru dai."

Sanyi ya yi ta shigowa. Tumakin duk da ciki suke. Harawar da Eleri ke zubewa ta yi ta ruɓewa a ƙasa, hankaki ne kawai ke zuwa wa buhun abincin. Yarinya ta rame, ta daina shan shayi a zaune. Amma akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. 'Yan tumakin da take hangowa da madubin hangen nesa na ubanta ba su rame ba, cikinsu a cike, ulunsu na sheƙi. Kuma kullum raguwa suke a gefen Emlyn. Tunkiya mai ciki ba ta ƙin harawa a tsakiyar sanyi sai in ta ci a wani gida. In kuwa suka gama sanyin nan a wata ƙasa suka haihu, 'ya'yansu can za su sani a matsayin gida, garken Emlyn ya tashi daga na Emlyn ke nan. Ba zai yi wa kowa amfani ba sai mai waccan ƙasar, shi kuma ya saya yadda ya ga dama, har a yi masa godiya.

Iskar kwarinmu daga wajen teku take zuwa, ta kwashe duk wata ƙara ta kai can bayan dutse. Amma akwai ranakun da take juyawa. Wata safiya ina shanya a tsakar gida, iska ta juyo, sai na ji shi. Far-far-far. Tari. Shiru. Sannan ya ci gaba.

Zanen gadon da ke hannuna ya faɗi cikin taɓo. Ƙanena ne, muryar da na yi ta ji kowace safiya har gashina ya yi fari. Sai hankalina ya dawo na ce wa kaina, Nesta, matattu ba sa sayen fetur.

Na gaya wa Eleri. Ta rungume ni ta ce ita ma wani lokaci takan ji kamar ubanta na tari a barga.

"Sake ni, ba kewa ke damuna ba. Salansar ubanki na jikin babur ɗin Madog, da ruɓaɓɓen kwayil ɗin. Iri ɗaya ne injinan. Kullum da safe yana hawa ta gefensa, tumakinki na binsa suna zaton Emlyn ne."

Fuskarta ta canza. Ta ɗauki makullin mota.

"Ina za ki?"

"Wurinsa."

"Ajiye. Kafin ki gama buɗe ƙofar gonarsa ya kwance ta ya cusa ƙarƙashin gado, ya fito yana tambayarki lafiyar Goggo. Mutum irin wannan ba a kama shi mutum ɗaya."

Lokacin ya zo daidai da sauko da tumaki don mai na'ura ya duba cikinsu. Kowace shekara shingen da ke kusa da gidana ake zuba su. Da safiyar ranar na tare Dilwyn, wanda shi ne babban masu kiwon dutse, mutumin kirki amma sai an nuna masa rana kafin ya yarda gari ya waye. Na ce in ya hau zai tarar da tumakin Emlyn a gefen Bayan Dutse.

"Me zai kai su can, Goggo?"

"In ka je ka tambaye su. Amma kada ka wahalar da masu ciki ka zagayo da su. Tsohon shingen Madog na nan a ƙasa, ku zuba su ciki."

"Ya sani?"

"Zai sani."

Maza suka hau, Eleri tare da su. Madog ya zo riƙon ƙofarsa kamar kullum, amma a tsohuwar motarsa. Na ce masa ina babur, ya ce batir ya mutu. Muka tsaya yana ba ni labarin tsadar taki. Can sai muka ga karnuka sun karkata, garke na gangarawa ta ɗaya gefen. Na zuba masa ido. Wallahi ko gira bai ɗaga ba.

"Da alama gidanka za a yi baƙi, Madog. Ɗauko tulunan shayin nan ka kai ni."

"Da izininki, Goggo," in ji shi, har da buɗe mini ƙofar mota.

Muka tarar an zuba su a shinge, maza na ta mamakin yadda aka yi garke guda ya bar ƙasarsa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce tun da mai su ya mutu sun rikice. Madog ya ce dabba ma tana makoki. Na raba shayi da burodi mai zabibi, na ce gwiwoyina sun gaji da iska, bari in fake a rumfa. A can ƙurya ga abu an lulluɓe da tamfol. Na yaye. Ga facin garwar madara yana kallona. Makulli kuma na jiki. Mutumin da ke kulle har akwatin sukari ya bar makulli a jikin babur, wannan ma na ajiye shi a raina.

Ban taɓa tuƙa komai ba, amma na ga Emlyn na tayar da nasa fiye da yadda na ga fitowar wata. Na murɗa makulli na danna. Mataccen batir ya tashi tun bugun farko. Na ɗan matsa totur da babban yatsa, ya yi tarin nan, ya yi shiru, ya farfaɗo.

Duk surutun waje ya ɗauke. Ta ƙofar rumfa na ga Dilwyn ya cire hularsa bai ma sani ba. Sai tumakin suka amsa baki ɗaya. Suka yo kan shinge, katakon ya ba da kai, suka kwararo tsakar gida suka ture tulunan shayi, suka cika rumfar har ba inda zan sa ƙafa. Wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho ta ɗora ƙafafunta a bayan babur tana neman buhu. Eleri na tsaye a tsakiyarsu hannu a baki.

Na kashe inji na ce, "Madog, masu sayen ƙarafan nan mutanen kirki ne. Har sun dawo maka da ita sun ɗaura."

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya gyara hula, ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka tona wa sadakar ɓoye.

"To, da in bar su su mutu? Na yi wa yarinya gyara da zuciya ɗaya, ban san tumaki za su ƙi ba. Da na ga sun ƙi, na ce in na faɗa mata hannuna ne ya jawo, me zan ce wa Emlyn ranar da muka haɗu? Na ce bari in riƙa ciyar da su a ɓoye har su saba da ita. Harawata ce a cikin nan nasu, Dilwyn. Taɓa bayansu ka ji."

"A gefenka ka ciyar da su," in ji ni.

"Inda ƙofata take, Goggo. Ko ta cikin kicin ɗinki zan bi?"

Dilwyn ya sosa ƙeya. Wani daga baya ya taɓa wata tunkiya ya ce gaskiya dai sun yi ƙiba. Ina ji ina gani rabin mazan nan suka fara gyaɗa kai. Namiji in ka haɗa masa ƙarya da harawa kyauta sai ya haɗiye duka.

Eleri ce ta yi magana, a hankali, irin muryar da take yi wa masu sayen magani.

"Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri. Tunda ga babur ɗina a waje, ga sifanarka a rataye, ka mayar wa Baba da kayansa yanzu, mu jira. Salansa, da kwayil, da komai."

"'Yata, hawan nan zai sake ba ki wuya."

"Zan raba kayan in hau sau biyu. Sababbin kuma in ka cire naka ne. Ai ƙa'idarka ce."

Maza suka bushe da dariya, har Dilwyn. Madog ma ya yi tasa. Ya durƙusa a gaban kowa ya kwance ya ɗaura, yana waƙar coci ta hanci. Ni wannan natsuwar ce ta hana ni jin daɗin shayina. Wanda aka ƙwace wa komai ba ya waƙa.

Washegari Eleri ta hau da tsohuwar muryar, garke ya biyo ta har ƙasar Emlyn. Manyan tumakin suka zauna kamar ba su taɓa tafiya ba, aka haihu lafiya, yarinya ta mayar da jikinta. Kwari ya ce magana ta ƙare, an ma fara cewa Goggo Nesta ta yi wa bawan Allah tonon silili a banza.

Amma akwai ƙananan, masu cikin fari, waɗanda ƙasar Emlyn ba ta gama shiga ƙafarsu ba kafin a ja su can. Su sanyin farkonsu na uwaye a Bayan Dutse suka yi shi. Da bazara ta yi aka sake su da 'ya'yansu, sai suka miƙe suka tsallake tudu. Babu harawa, babu tari, babu kowa, suka tafi abinsu. Eleri ta koro su, suka koma. Ta sake korowa, suka sake komawa, 'ya'yan na biye suna koyon hanya. Haka ta yi ta yi har lokacin aski. Ba su da yawa, amma su ne ƙuruciyar garken. Madog kuwa, in sun haɗu a coci sai ya tambaye ta ko babur na lafiya.

Ranar da ta gaji, ita da kanta ta je ta ce ya saya. Wai har sai da ya yi ta ja, yana cewa ina shi ina tumakin dutse a shekarunsa. Na ce zan bi ta ranar da za a canza musu shaida, don kada ya haɗa har da karen.

Muka same shi ya share shinge, ya gyara katakon da suka karya. Ya fito da gwangwanin shuɗin fenti, shaidar gidansu da ba a ƙara gani a dutse ba tun annoba. Tumakin cikin waya ba sa buƙatar shaida, don haka na karɓi gwangwanin na juya shi. Ƙarami ne, ba a taɓa buɗe shi ba, amma murfin ya yi ƙura, takardar kantin Menna ta koɗe. Na riga na tsaya wurin Menna a hanya, domin ita ba ta manta abin da kowa ya saya ko da allura ce.

"Madog, Menna ta ce da kaka ka sayi wannan."

"Menna ta cika surutu."

"Ta ce lokacin Emlyn na asibiti, da ransa. Ta ce ta nuna maka babban gwangwani ka ce a'a, ƙarami ya isa."

Eleri ta ɗago ta dube shi. Shi kuma ya dubi gwangwanin, ya dubi 'yan tumakin da ke shinge, ya sa bakin sukudireba ya ɓalle murfin.

"Fenti ba ya lalacewa, Goggo. Riƙe mini kan wannan, tana da ƙarfi."

Na riƙe, domin ita tunkiyar ba ta yi mini laifin komai ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa shuɗin a kafaɗa, a kan jan Emlyn. Kowace ya san halinta, ya san mai cizo, ya san mai tsalle. Da ya shafa wa ta ƙarshe na leƙa gwangwanin. Ƙasansa ake gani. Ko na ɗan rago ɗaya bai rage ba, kuma bai gaza ba.

Ya buɗe ƙofar sama. Babu kare, babu babur. Suka fita a jere suka kama hanya cikin ƙayar nan, 'ya'yan na tsalle a baya, ba wadda ta waiwayo. Ya tsaya yana kallonsu har suka zama ɗigo-ɗigo, yana goge ido da bayan hannu, shuɗin fenti ya ɓata masa kunci. Ko hawaye ne ko iska, ban ɗauki rantsuwa ba.

Da ya juyo sai idonsa ya sauka a kan motar Eleri. Ya karkata kai.

"'Yata, da kika shigo na ji kamar wani abu na ƙara a ƙasan motar nan."

Na ce, "Eleri, shiga ki tayar. Ko wuta take ci, a gida za ta ƙone."